Allunan da Aka Zaɓa wa Malam Odagiri

Tun ganyen itatuwa bai gama zuba ba tsofaffin ɗaliban Malam Odagiri, mai koyar da zamiya a kan dusar ƙanƙara, suka yanke shawarar abin da za su ba shi ranar da zai cika shekara saba'in. 'Yar rigar nan mai launin shunayya da hularta, wadda ake sa wa tsofaffi a zaunar da su a kan matashi a ɗauki hoto, kowa ya san ba zai sa ba. Kenzo, babba a cikinsu, mai tuƙa motar daddale ƙanƙara a dutsen Okunaga, ya ce in aka miƙa wa Malam wannan riga, da ita zai goge takalmansa. Saboda haka aka tsaya a kan sababbin allunan zamiya, irin dogayen nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, a nemo masu ratsin shunayya don a cika al'ada. Zaɓen kuwa aka ɗora wa Takumi Hasebe, ba a ko tsaya muhawara ba.

Takumi bai kai talatin ba. Ya yi karatun kayan wasanni a birnin Niigata, ya dawo da takardar shaidar da gwaggonsa Sumie ta rataye a bangon shagonta, inda yake sayar da alluna yana kuma gyara su. Mutum ne mai tsananin gudun kuskure. Yakan ɗaura maɗaurin takalmi a jikin allo, ya gwada, ya rufe shago ya kama hanyar gida, sa'an nan ya dawo daga rabin hanya ya sake gwadawa. Ana yi masa dariya a kan haka, amma babu mai kai allonsa wani shago.

Ya san aikin da aka ba shi ba ƙarami ba ne, domin Malam ba mutumin fili ɗaya ba ne. Da sassafe yana kan gangaren gaba, inda motar Kenzo ta daddale dusar ƙanƙara ta yi tauri kamar daɓe. Da hantsi ya shige dajin itatuwan buna, inda sabuwar dusa take kai wa mutum cinya. Da la'asar, lokacin da rana da ƙafafun baƙi suka dama gangaren ya zama kamar kunu mai gudaji, shi kaɗai ake gani yana ratsa shi bai rage gudu ba. Fiye da wannan duka akwai ranar saukar baya. A ƙarshen kowane hunturu mutanen ƙauyen sukan hau har ɗan ɗakin bautar da ke ƙolin dutsen, su gaida shi, su sauka ta bayan dutsen cikin daji har ƙauyen Urasato, inda babu hanya sai wadda na gaba ya buɗe. Tun ba a haifi Takumi ba Malam ne na gaban. Allon da zai dace da shi dole ya zama mai shiga ko'ina, kuma mai jure ƙarfin gwani.

Da dusar farko ta sauka a manyan tsaunuka, Takumi ya ɗebi alluna kala-kala ya tafi gwaji. Ya watsar da masu faɗin ƙugu ƙwarai, domin a kan tauri suna nawar kama gefe. Ya watsar da sirara, domin a daji nutsewa suke yi. A ƙarshe ya tsaya a kan wasu masu matsakaicin ƙugu, da shimfiɗar ƙarfe a cikinsu, hancinsu ya ɗan ɗaga sama, tsawonsu zai kai tsakiyar kan Malam. Ba su yafe wa malalaci, amma duk ƙarfin da aka danna musu a kwana suna mayar wa mutum da shi. Ga kuma ratsin shunayya tun daga hanci har wutsiya. Ya kawo su ya jingina a ɗakin ajiya, ya ji zuciyarsa ta kwanta, abin da ba kasafai take yi ba.

Ana nan sai Chizuru, 'yar Malam, ta shigo shagon wata rana da jakar tuffa a hannu. Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin garin da ke ƙasan kwari, ta girme wa Takumi da nisa, kuma tun rasuwar mahaifiyarta ita kaɗai ce tare da tsohon a gida. Ta tambayi bayan Gwaggo Sumie, ta yi zancen yadda sanyin bana ya zo da wuri, ta yaba tsaftar shagon. Sai da ta ɗauki safar hannunta kamar za ta tafi ta ambata cewa kwanakin nan Baba yakan dafa bango in zai sauko daga bene da safe. Ta ce gwiwarsa ta hagu takan kumbura, yana ɓoyewa. Ta ce duk shekara ranar saukar baya ba ta iya cin abinci sai an kira daga Urasato an ce sun iso.

"Ni ban san komai a kan alluna ba," in ji ta, tana duban safar hannun. "Na dai ji an ce akwai masu sauƙin kai."

"Akwai, Yaya."

"To."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta rusuna ta fita, ta bar tuffa a kan teburin gyara.

Takumi ya kwana biyu yana juya maganar. Ya bi hunturun bara a ransa tun daga farko har ƙarshe, yana neman ranar da ya ga ƙafar Malam ta gaza, bai samu ba. Amma shi a kan dutse yake ganinsa, ita kuwa a kan matakalar bene. Idan tsohon ya karye a bayan dutse, inda motar asibiti ba ta zuwa, a kan allunan da shi ya zaɓa da hannunsa, da wane ido zai dubi Chizuru? Sai ya tuna kamfanin yana da wani samfurin, ƙanen wancan, launi ɗaya, ratsi ɗaya. Babu ƙarfe a cikinsa, ƙugunsa ya fi siranta, yana juyawa da ɗan taɓi kaɗan, kuma in aka matsa masa gudu yakan nuna ba ya so. Shi ma kamfanin na ko'ina yake kiransa, don haka ba za a ce an yi ƙarya ba. Takumi ya ɗauki wanda tsawonsa zai tsaya wa Malam a hanci. Ya gaya wa kansa cewa ai tsofaffin allunan Malam dogaye suna nan. Ranar saukar baya sai ya hau su kamar kullum, sababbin kuwa su hutar masa da gwiwa a sauran ranaku. Da haka ya ga ya raba gardama, bai ɓata wa kowa ba.

Kenzo ya leƙo shagon ana gobe biki, ya ɗaga allo ɗaya da yatsu biyu, ya auna shi da ƙirjinsa.

"Kai, Mai Takarda, wannan na Malam ne ko na 'yar tsana?"

Takumi ya shiga yi masa bayanin yadda ƙirar zamani ta canja, yadda gajeren allo na yanzu yake aikin dogo na da. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne a wani wurin, ba a nan ba. Kenzo ya saurara yana sosa ƙeya, ya ce shi dai daddale ƙanƙara ya sani, wanda ya je birni ya karanta shi ne ya san sauran, amma a yi masa alkawarin idan ya cika saba'in ba za a ba shi cokula biyu a ce ya hau ba.

An yi bikin a babban ɗakin wani masauki, aka ci taliyar soba, aka sha giyar shinkafa mai ɗumi. Malam Odagiri gajere ne mai faɗin ƙirji, rana ta ƙone masa fuska ta bar farin zagaye inda tabarau yake zama. Da aka kawo allunan ya miƙe ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna ya daɗe bai ɗago ba. Ya tsayar da su a gefensa, hancinsu ya tsaya daidai nasa. Takumi ya ga idonsa ya sauka a wurin ya wuce. Wani da ke kusa ya ce Malam ya lanƙwasa su mana ya ji taurinsu. Malam ya ce ba a gwada kyauta a gaban masu ita, sa'an nan ya tambayi wa ya zaɓa. Aka nuna Takumi.

"To ba sai na duba ba," in ji Malam.

Aka tafa. Takumi ya sunkuyar da kai, kowa ya ɗauka kunya ce.

Washegari da hantsi Gwaggo Sumie ta dawo daga sayen kifi, tana kakkaɓe dusa daga lemarta, ta ce ta hango Malam yana hawa matakalar haikali da tsofaffin allunansa a kafaɗa. Takumi ya ajiye abin da ke hannunsa. A ƙarshen kowace shekara limamin haikalin yakan yi addu'a a kan kayan aikin da suka gama hidimarsu, allurai da wuƙaƙe da almakashi da alluna, a gode musu, daga nan ba a sake amfani da su. Allunan ma a jikin shingen haikalin ake kafe su da ƙusa don tare dusa. Takumi a ƙauyen aka haife shi, ya san wannan sarai. Sai dai shi da tsararrakinsa kowa alluna uku ko huɗu gare shi a bayan ƙofa, na tauri daban, na daji daban, har ya manta akwai mutanen da allo ɗaya suke riƙewa, kuma in sabo ya shigo tsoho ya fita.

Ko da Takumi ya isa, an riga an jera tsofaffin allunan Malam a gaban haikalin, an ɗaura musu farar takarda, hayaƙin turare yana bin jikinsu. Malam yana tsaye hannuwansa a haɗe. Da aka gama Takumi ya matsa kusa, yana haki, ya ce da Malam ya ɗan dakata ya ga ko sababbin za su karɓe shi tukuna. Malam ya dube shi da mamaki na gaske. Ya ce mutum ba ya karɓar kyautar ɗalibansa ya ɓoye tsohon abu a bayan ƙofa kamar mai shakkar su. Ya dafa masa kafaɗa, ya ce gobe su haɗu a wurin kujerun waya masu kai mutane saman dutse, yana so wanda ya zaɓa ya ga hawan farko.

Safiyar ta zo da sararin sama garau. Gangaren gaba ya yi tauri, saman dajin kuwa yana ɗauke da dusar da ta zuba shekaranjiya. Malam ya fara da ƙananan kwanoni, allunan suka bi shi kamar ɗan rago. Da ya sake su suka ɗauki gudu, ya kwanta a kan gefe don ya yanka doguwar kwanar da aka san shi da ita, sai Takumi, da ke biye da shi, ya ga hancin allunan yana karkarwa, wutsiyar ta sulluɓe. Malam ya tashi tsaye, ya rage gudu. Ya sake gwadawa a ɗaya gefen, abin ya maimaita kansa. Bai waiwayo ba. A tsakiyar gangaren ya karkata ya shige cikin itatuwa. Kwana ta farko ta wuce, ta biyu ma haka. A ta uku allunan suka nutse, hancinsu ya caki ƙasan dusar, Malam ya kifa da fuska.

Takumi bai taɓa ganin Malam a ƙasa ba, kuma bai san wanda ya taɓa gani ba. Kafin ya iso tsohon ya riga ya zauna, yana zaro dusa daga wuyan rigarsa yana dariya ƙasa-ƙasa. Bai ji ciwo ba. Suka fito daga dajin a hankali, suka gangara, suka sake hawa kujerar waya. Suka yi nisa a sama, ƙafafunsu suna lilo a kan itatuwa.

"Suna da ladabi," in ji Malam, yana duban allunan. "Ba su barin mutum ya yi wauta."

"Ƙirar zamani ce, Malam. Sai an saba."

"A'a. Na koya maka kallon ƙafar mutum tun kana faɗuwa a kan hanci, kuma ka fi ni ido yanzu. In waɗannan ka zaɓa mini, to ka ga abin da ni ban gani ba."

Nan ne wurin da ya kamata Takumi ya yi magana, kuma ya sani. Amma in ya ce bai ga komai ba, dole ya faɗi dalilin zaɓen, dalilin kuwa sunan Chizuru ne, wadda ba ta roƙe shi komai da bakinta ba. Dole kuma ya yarda cewa kyautar da mutum fiye da ashirin suka miƙa da hannu biyu ba ita ce wadda ta dace ba, kuma yana sane. Yana cikin jera kalmomin da ba za su taɓa kowa ba kujerar ta iso sama, Malam ya zame ya sauka.

Tun daga ranar ba a sake ganin Malam a daji ba. Kullum yana gangaren gaba a kan allunan shunayya, yana koya wa 'yan makaranta, kuma duk tsohon ɗalibin da ya gamu da shi sai ya ɗaga allo ɗaya ya nuna masa, ya sake godiya. Ba wanda zai ce bai ji daɗin kyautar ba. Chizuru ta sake zuwa shagon, wannan karon da kwalin waina mai wake, ta ce Baba yana dawowa da wuri yanzu, gwiwar ma ta sace. Sa'an nan ta ƙara da cewa ya rage surutu a wurin cin abinci, amma wataƙila sanyi ne. Takumi ya karɓi kwalin ya yi godiya, ya kasa cin ko ɗaya.

Abin da ya tayar masa da hankali sosai daga bakin Kenzo ya fito. Sun haɗu a gidan wankan ruwan zafi, Kenzo ya ɗora tawul a ka, ya ce Malam ya kira shi gida ya zaunar da shi, ya yi ta kwatanta masa hanyar baya, inda kwazazzabo yake ɓoye a ƙarƙashin dusa da itacen da ake bari a hannun dama. Kenzo ya ce shi dai bai gane ba, mutumin da bara ya bar su a baya suna tari, yau shi ne yake rabon gado. Ya juyo ya dubi Takumi ta cikin tururi.

"Kai da ka yi karatu, tsufa dare ɗaya yake zuwa?"

Takumi ya ce bai sani ba, ya nutsar da fuskarsa cikin ruwa.

Gwaggo Sumie ce ta buɗe masa hanya, ba tare da ya gaya mata komai ba. Ta daɗe tana ganin dogayen allunan nan a ɗakin ajiya, an hana kowa saya. Wata rana tana ninke safuna ta ce, kamar da kanta take magana, kyauta ba a mayar da ita kuma ba a musanya ta, amma ba ta taɓa jin inda aka hana mai shago neman taimakon gwani ba.

Da yammacin ranar Takumi ya saɓa allunan ya tafi gidan Malam. Ya jingina su a zaure, ya shiga ya zura ƙafafunsa ƙarƙashin teburin ɗumi. Ya yi bayanin da ya shirya tun a hanya: wani samfuri ne da shago yake tunanin ƙara sayowa, shi bai isa ya yanke hukunci a kansa shi kaɗai ba, yana roƙon Malam ya hau su safiya ɗaya ya faɗi ra'ayinsa. Malam yana ɓare lemu, bai katse shi ba. Ya raba lemun biyu ya tura masa rabi. Ya leƙa zaure ta ƙofar da aka bari a buɗe, inda dogayen suke jingine kusa da gajerun, launi ɗaya, ratsi ɗaya. Ya daɗe yana dubansu. Daga ɗakin girki ƙarar wuƙar Chizuru a kan katako ta tsaya, sa'an nan ta ci gaba.

Malam ya ce in aikin shago ne, ai ba a ƙi ba. Su bari sai dusa ta yi zuba mai kyau.

An yi zubar a ƙarshen makon, irin mai rufe motoci har rufi. Suka hau da kujerar farko, suka wuce gangaren gaba, Malam ya tsaya a bakin daji ya ɗan daddana allunan a ƙarƙashinsa kamar mai gaisawa da doki. Sa'an nan ya tafi. Takumi ya bi shi, cikin ɗan lokaci ya daina ƙoƙarin kamo shi, ya koma ƙoƙarin kada ya ɓace masa. Tsohon yana ratsa itatuwan buna kamar shi ya dasa su. Dusa tana tashi ta kafaɗunsa, allunan suna nutsewa suna tasowa, bai yi kwana ɗaya ta banza ba. Inda dajin ya buɗe ya haɗu da wani gangare da iska ta share ya zama ƙanƙara zalla, ya kwanta a kan gefe har safar hannunsa ta taɓa ƙasa, allunan suka riƙe shi ba su ko motsa ba. Gwiwar hagu ta yi duk abin da ta dama ta yi. Yanzu Takumi ba shi da sauran shakka. Zaɓensa na farko daidai ne, kuma babu abin da ya samu ƙafar Malam.

A ƙasa, bakin rafin da ya daskare, ya tarar da shi ya riga ya kwance allunan, yana share musu dusa da tafin hannu. Numfashinsa yana fita da ƙarfi, fuskarsa ta yi ja, kuma yana murmushin da Takumi bai gani ba tun kafin biki. Ya ba da ra'ayinsa dalla-dalla, kamar yadda aka roƙe shi. Ya ce wutsiyar tana da ɗan taurin kai a wuri mai matsi, sai mai hawa ya tsaya a tsakiya sosai. Ya ce a ƙanƙara ba su da na biyu, a dusa mai zurfi kuma sun fi ƙugunsu aiki. Ya ce shago ya sayo su, amma kada a ba wanda zai yi ƙaryar gwaninta. Ya haɗa su baki da baki, ya miƙo da hannu biyu.

Takumi bai karɓa ba. Ya ce, "Malam, waɗannan su ne na fara..."

"Na ji daɗin safiyar nan," in ji Malam. "Kada ka ɓata mini ita."

"Ko ranar saukar baya kaɗai ka hau su, Malam. Ba wanda zai lura, launinsu ɗaya."

"Kenzo zai lura, ba shi da takarda amma yana da ido. Kuma ni zan sani." Ya matso da allunan har suka taɓa ƙirjin Takumi. "Ƙafata ba ta tsufa ba, yau na tabbatar, na gode maka. Amma da na tsayar da waɗancan a gefena na ga inda suka tsaya, na yi zaton jikina kuke gaya mini. Ashe ba shi ba ne. Mutanena ne suka gaji da jin tsoro, suka rasa bakin faɗa. Wannan kuwa ba a gyara shi da ƙarfe a cikin allo. Ka sayar wa wanda ba a jiran kiransa a gida."

Takumi ya karɓa. Suka taka zuwa titi, shi da alluna huɗu a kafaɗa, Malam yana gaba da sandunansa kawai, yana nuna masa sawun zomo a kan dusa.

Ranar saukar baya ta zo da rana mai ɗumi da iska kaɗan. Aka hau kujerun waya har inda suka ƙare, aka saɓa alluna aka taka sauran. Malam yana cikinsu, da gajerun allunansa, kuma bai bari kowa ya riga shi isa ƙoli ba. Ya tone ƙofar ɗan ɗakin bautar da hannunsa, ya zuba giyar shinkafa, ya tafa sau biyu, kowa ya sunkuya. Da aka ɗago ya ce bana Kenzo ne a gaba, shi zai koma ta gangaren gaba domin ya yi wa 'yan makaranta alkawari. Ba wanda ya tambaya, ba wanda ya roƙe shi ya canja. Kenzo, da bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya gyara tabaransa ya rusuna kawai.

An sa Takumi a ƙarshen layi, don in wani ya faɗi ya tsaya masa. Ɗaya bayan ɗaya suka zame ta bayan dutsen suka shige cikin itatuwa, har ya rage daga shi sai Malam. Tsohon ya ɗaura allunansa, ya ce masa ya kula da matar mai gidan burodi, takan ji tsoro a bakin kwazazzabo amma ba ta faɗa. Ya ɗaga sanda ɗaya, ya juya. Takumi ya tsaya yana kallonsa yana sauka ta gaba shi kaɗai, da ƙananan kwanoni masu tsafta, ɗaya kamar ɗaya, a daidai gudun da allunan suke so.

Daga can ƙasa cikin daji muryar Kenzo ta taso, yana tambaya ko Mai Takarda yana jiran a aiko masa da takardar gayyata ne. Takumi ya juya ya bi sawunsu. Sun sauka lafiya. A wuri ɗaya Kenzo ya bar itacen a hannun hagu maimakon dama, sai da aka kwance alluna aka yi tafiyar ƙafa cikin dusa har gwiwa kafin a koma hanya. A Urasato an tarye su da miya mai zafi. Matar da ke zuba miyar ta leƙa bayan Takumi, ta ga babu kowa, ta tambaye shi ko shi ne na ƙarshe. Ya ce shi ne.